Bencin Baƙi

Lahadi, bayan la'asar

Mun kwana biyu a garin nan, amma sai yau na samu na zauna ni kaɗai. Yaya ta tafi dubiya, ta ja yaran duka biyu. Yaya ita ce babbar yayar mai gidana, kuma a gidanta muke tun da aka karɓe mabuɗin gidanmu na ma'aikata. Ɗakin da take ajiye abincin kaji ta kwashe ta ba mu. Ta share, ta goge, ta turara, amma har yanzu in na buɗe baki sai in ji dusa a harshena.

Kwalayenmu suna jere a jikin bango yadda direba ya sauke su. Na kayan sawa da na tukwane kawai na buɗe. Keken ɗinkina yana cikin akwatinsa. Yaya ta ce in fito da shi mana, matan unguwa suna neman mai ɗinki mai hannu. Na ce wahalar sake ɗaurewa nake gudu, tunda ba daɗewa za mu yi ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To, Hajiyar birni." Haka take kirana tun ina amarya, har yau ban gane yabo ne ko zagi ba.

Damuwata ɗaya ce, ko in ce ɗaya ce zan iya rubutawa: karatun Injiniya. Babbar 'yata kenan. Babanta ne ya laƙaba mata sunan, ranar da ta kwance masa rediyo tana ƙarama, ta kuma mayar da shi yana magana. Tana ajin ƙarshe na sakandare, bana za ta rubuta jarrabawar fita, ga ta nan kullum a tsakar gida tana korar kaji. Auta ba na jin ta, aji ɗaya take a firamare, duk inda aka dasa ta za ta tsiro.

Ranar Laraba kotu za ta sake zama a kan maganar mai gidana, yana can a tsare. Lauya ya ce in kwantar da hankalina.

Litinin, da azahar

Na tambayi Yaya makarantun garin. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Makarantu ai muna da su. Akwai ta kuɗi a bayan gidan mai. Akwai ta gwamnati a ƙetaren kwari. Akwai ta kwana ta 'yan mata, amma sai kin yini a mota. Sai kwalejin fasaha a garin gaba, ita kuma sai an gama sakandare. Wacce za ki fara rainawa?"

Ta kuɗin na fara rainawa. Allon bakin ƙofarta ya fi ajujuwan girma, an zana kwamfuta da jirgin sama da wani yaro mai hular digiri yana washe baki. Mai makarantar shi ne mai gidan man, ya fito yana goge hannu da tsumma. Na ce ina son ganin ɗakin gwaje-gwaje. Ya kai mu ofis ya buɗe kabad: 'yan kwalabe, ma'auni mai karyayyen hannu, da ƙwarangwal na roba mai ƙafa ɗaya. Injiniya ta tambaye shi malamin fiziks, ya ce yana hanya. Da muka dawo na ba Yaya labari, ta ce, "Eh, tun bara yake hanya."

Na yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Na tuna makarantar Injiniya ta can, dogayen teburan nan masu famfo a kai, da farar rigar da na ɗinka mata ta shiga gwaji. Babanta ne yake kai ta, kullum a makare, saboda sai ya tsaya musu da mai jarida. Ina leƙensu ta taga ina faɗa, shi kuma yana ɗaga min hannu kamar ba da shi nake ba. Ina kewar wannan faɗan fiye da yadda zan iya gaya wa kowa.

Talata, da hantsi

Mun je ta gwamnati. Sai an gangara kwari an hau. Babu katanga, awaki suna kiwo har bakin aji, ƙararrawarsu kuwa tsohon ƙarfen tayar mota ne a rataye a bishiya. Sai dai wurin a share yake, kuma ban ji hayaniya ba, muryoyin malamai kawai.

Shugabar makarantar dattijuwa ce, tabarau ɗaure da zare a wuyanta. Ta duba sakamakon Injiniya na baya, ta cire tabarau ta sake kallon yarinyar. Daga nan ta juyo gare ni.

"Zama kuka zo, ko baƙunta?"

"Mu baƙi ne, ranki ya daɗe," na ce. "Ɗan lokaci kawai za mu yi. Ina so ne kar ta zauna haka nan kafin mu koma."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

"To, babu laifi. Muna da bencin baƙi. Ta zo gobe."

Gaskiya abin ya burge ni. Na ce a raina, mutanen karkara dai da sanin darajar baƙo, har benci na musamman suka ware. Na yi godiya, na ja 'yata muka fito, ko ajin ban leƙa ba. Auta ma na sa ta a firamaren da ke kusa da gida.

Laraba, da yamma

An ɗage.

Juma'a, da safe

Auta ta zama 'yar gari. Ta yi ƙawaye, ta koyo wasanni, har ta fara jan magana irin tasu. Jiya na ji tana ce wa wata, "Zo mu je gidanmu," tana nuna ƙofar Yaya. Na kira ta na ce wannan gidan Gwaggo ne, gidanmu yana can. Ta ce, "Can ina?" Na daka mata tsawa, ta fashe da kuka, Yaya ta zo ta ɗauke ta ba tare da ta ce min uffan ba. Da ma zagina ta yi, da ya fi min sauƙi.

Can ina? Bene na biyu, ƙofa mai launin ganye. Famfon kicin da yake ɗiga, babansu ya ce zai gyara ran Asabar. Takalmansa a bakin ƙofa, ɗaya nan ɗaya can. Ƙarar mabuɗinsa, sai ya gwada wanda ba shi ba tukuna, kullum. Ban san wanda yake ciki yanzu ba.

Lahadi, bayan azahar

Na kira shugabar tsohuwar makarantar Injiniya. Matar da take rungume ni a taron iyaye, yau sai da na faɗi sunana sau biyu. Ta ce ayya, sun ji, Allah ya kyauta. Ta ce gurbin yarinyar yana nan in mun dawo kafin ƙarshen wata, bayan nan kuwa ba a hannunta yake ba. Ta ƙara da cewa wasu iyaye suna 'yan maganganu, amma kar in damu. Na ce ban damu ba.

Kafin ƙarshen wata akwai zama ɗaya. Ya isa.

Talata, da magariba

Injiniya ta yi shiru da yawa. Tana dawowa ta cire kayan makaranta, ta ci abinci, ta ɗauki tsohuwar fitilar Yaya mai caji ta zauna tana kwance ta. Na ce yaya makaranta? Lafiya. Malamai fa? Lafiya. Halin babanta sak, in abu yana cin su sai su nemi abin da ya lalace su gyara.

Laraba, da yamma

An ɗage. Wai wani bai zo ba.

Lauya ya ce zama na gaba shi ne na ƙarshe, kuma ya faɗo kafin wata ya ƙare. Ya ce wannan alama ce mai kyau. Komai a wurinsa alama ce mai kyau.

Alhamis, bayan la'asar

Yau na gane wautata.

Ina kakkaɓe jakarta ne, littattafan suka zubo. Na buɗe na lissafi, aiki cike, shafi bayan shafi da ƙananan rubutunta, amma babu jan biro ko ɗigo. Na fiziks ma haka. Na kira ta.

"Malamanku ba sa duba aiki ne?"

"Suna dubawa."

"To naki fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Ba a duba na baƙi, Mama."

Sai da na zauna a kan kwali. Da ƙyar na zaƙulo sauran daga bakinta. Ashe a makarantar nan kowane ɗalibi da teburinsa. Iyayensa ne suke zuwa wurin kafinta a yi masa, a ƙona sunansa a jiki da jan ƙarfe, a kai makaranta. Da shi zai yi karatu, a kansa zai rubuta jarrabawa. Wanda yake da tebur shi ne ɗan makaranta. Bencin baƙi kuwa wani dogon katako ne a can ƙarshen aji, jikin bango, na 'ya'yan masu aikin hanya da masu zuwa ci-rani, waɗanda yau suna nan gobe sun tashi. Suna saurare, suna rubutu a kan cinya. Ba a kiran sunansu da safe, ba a duba aikinsu, ba a sa su a jarrabawar fita.

'Yata, wadda ba ta taɓa wuce ta biyu a aji ba, rubutu a kan cinya.

"Me ya hana ki gaya min?"

"Kin ce ba daɗewa za mu yi ba."

Ba da gatse ta faɗa ba. Da gatse ne da na samu abin kamawa.

Juma'a, da hantsi

Na ƙetare kwari fuskata a ɗaure, na shiga ofishin shugabar ko sallamar kirki ban yi ba. Na zazzage mata duk abin da ke cikina. Na ce wane irin wulaƙanci ne wannan, an ga sakamakon yarinya da ido, a kai ta jikin bango? Ta bar ni na gama tas, sannan ta tura min kujera.

"Zauna, ƙanwata. Na tambaye ki ko ban tambaye ki ba?"

"Kin tambaye ni, amma ni na ɗauka..."

"Kin ɗauka kujerar alfarma ce." Ba ta yi dariya ba, na gode mata da wannan. "Kowa a garin nan ya san bencin baƙi. Ban yi tunanin sai na fassara ba, wannan kam laifina ne. Amma ki ji. Gurbin jarrabawa ƙididdigagge ake ba mu. In na sa yaro ya tashi ya tafi, na cuci wani da yake nan. Shi ya sa muke cewa a kawo tebur. Wanda ya je wurin kafinta ya riga ya yanke shawara."

"In na sa ta a nan, za ta iya rubutawa a can?"

"A'a. Wuri ɗaya ake rubutawa."

Ta ce ba wannan Litinin ba, ta sama, za ta aika sunaye. In tebur ya iso kafin nan, shi kenan. Ta ce malamin fiziks har sau biyu yana zuwa mata a kan 'yata, wai tun da yake koyarwa bai ga irinta ba, kuma in ta ci jarrabawa a nan kwalejin fasaha ta garin gaba za ta ɗauke ta sashen lantarki da gudu.

Na ce zan yi shawara. Ta ce, "Da wa?" Sai kuma ta yi kamar ba ta faɗa ba, ta hau gyara tabarau.

Asabar, da safe

Zaman ƙarshe ran Laraba. Sunaye sai Litinin ta bayanta. Babu abin da ya ɓaci. Ran Laraba zai fito, mu ɗaure sauran kaya, Injiniya ta koma ajinta kafin wata ya ƙare. Me zan yi da tebur a nan? In ɗora shi a kan mota?

Asabar, da yamma

Na kawo maganar makarantar kwana. Tunanina shi ne, can babu mai tambayar inda gidanku yake, kowa baƙo ne. Yaya ta kira wata da ta sani a can, aka ce ba sa ɗaukar 'yan ajin ƙarshe. Tun kafin amsar ta zo ma Injiniya ta ce ba za ta je ba.

"In tafi in bar ki da wa?"

"Da Gwaggonki. Da Auta."

"Mama, ba kya cin abinci sai na zauna a gabanki."

Ban san ta lura ba.

Yaya ta bari yaran suka fita, ta ce, "Hajiyar birni, katako ne fa. Ba kabari aka ce ki haƙa ba."

Na ce mata ba za ta gane ba. In na je wurin kafinta kafin Laraba, kamar na riga su yanke masa ne. Ta daɗe tana kallona, ta ce, "Ni na goya shi, kin manta?" Ta tashi ta shiga wurin kajinta.

Litinin, bayan azahar

An ba shi waya yau. Muryarsa ta yi ƙasa, kamar mai mura. Ya tambayi Auta, ya tambayi ciwon ƙafar Yaya, ya tambayi ko ina barci. Na ce ina yi. Ya ce ƙarya nake, ya san muryata ta rashin barci. Muka yi dariya, ni da shi, kamar muna kicin.

Sai ya ce, "Injiniya ta shiga makaranta?"

"Ta shiga."

"An yi mata rajistar jarrabawa?"

Na ce ana kai. Sai ya faɗi wata magana da ba zan rubuta ba. Na ce kar ya ƙara faɗa min haka, ran Laraba zai zo ya kai ta da kansa, a makare kamar yadda ya saba. Ya ce, "To." Aka karɓe wayar.

Na ji haushinsa har yamma. Wa ya ce masa ya yi haƙuri tun yanzu? Kai da ba ka iya haƙurin layin burodi, yau kai ne mai cewa a rungumi ƙaddara? Ni ban gama jiranka ba. Ko farawa ban yi ba.

Talata, da la'asar

Na wanke farar rigarsa na goge. Yaya ta gani a kan igiya, ta wuce.

Injiniya ta dawo da ƙurar alli a hannu. Malamin fiziks ya kira ta gaban allo, daga can bencin, ta warware abin da ya gagari ajin. Tana ba ni labari idonta yana ƙyalli, rabon da in ga haka tun muna can. Ta ce ya nuna musu hoton ɗakin aikin kwalejin fasaha, injina jere, har da mata a ciki sanye da rigar aiki. Tana cikin magana ta ga rigar babanta a ninke a kan kwali, sai ta ce ai ba wani abu ba ne, makarantarsu ta can ta fi.

Yarinya tana ɓoye murnarta don kar ta ɓata min rai. Wannan kuma a ina zan ajiye shi?

Laraba, da yamma

Ba a ɗage ba.

Alhamis, da azahar

Ban tashi ba. Yaya ta kai Auta makaranta. Injiniya ba ta je ba, tana zaune a bakin katifa da kofin shayi, ya huce ta sake ɗumamawa, ya sake hucewa.

Lauya ya kira. Ya ce akwai mataki na gaba, ana iya ɗaukaka ƙara, amma yana ɗaukar lokaci. Na ce lokaci kamar yaya? A karon farko bai ce alama ce mai kyau ba.

Alhamis, da magariba

Na fita zagayawa, na ji motsi a bayan akurkin kaji. Yaya ce durƙushe, ta toshe baki da gefen zani don kar mu ji. Matar da ban taɓa ganin hawayenta ba, ko ranar da mijinta ya rasu. Duk makonnin nan ina ta ɗaukar abin nan kamar nawa ne ni kaɗai, ita kuwa tana dafa mana abinci tana tsokanata.

Na durƙusa kusa da ita. Kaji suna ta zagaye mu. Can ta share fuska, ta ja majina, ta ce, "Tashi, kar su ɗauka hatsi muka kawo."

Abin da ya faɗa a waya ran Litinin, bari in rubuta shi yanzu. Cewa ya yi, "Kar ki jira ni da karatun yarana." Ashe shi ya riga ya sani.

Ina son ganinsa. Ba wata magana nake da ita ba. So nake kawai in ga ya shigo yana laluben mabuɗi, in yi masa faɗan takalmi.

Juma'a, da hantsi

Da safe na yi wanka, na sa kaya, na ce wa Injiniya ta sa hijabinta. Ba ta tambayi inda za mu ba. Yaya tana bakin murhu, ta ce, "Layin 'yan katako, bayan tasha. Ki tambayi tsohon, kar ki yarda da yaransa." Ba ta ce Hajiyar birni ba.

Rumfar kafintan a buɗe take ta gaba, ƙasa duk garin katako, ƙamshinsa har titi. Tsohon yana zaune yana wasa zarto, fensir a bayan kunne. Muka gaisa.

"Baba, tebur muke so. Na makaranta."

Ya dubi Injiniya. "Tsaya nan, 'yata." Ya auna ta daga ƙasa zuwa gwiwar hannu, ya sa ta zauna a kan wani kututture ya sake aunawa. "Aji nawa?"

"Ajin ƙarshe," in ji ta.

"To, Hajiya, 'yan watanni ne suka rage mata kenan. Ga farin katako nan, mara nauyi, gobe ma sai in gama. Zai kai ta jarrabawa lafiya. Akwai kuma ja, mai ƙwari, shi sai na kwana biyu a kansa, ga nauyi. Masu yara a baya su suke yin sa. Wanne za a yanka?"

Tambayar aiki ce kawai ya yi, kullum yana yin ta. Ni kuwa na tsaya kamar an dasa ni. Farin katakon yana jingine kusa da hannuna, har na taɓa shi. Na tuna hukuncin da aka karanta ran Laraba. Na lissafa shekarun da na ƙi lissafawa tun shekaranjiya. Injiniya tana kallon ƙasa, tana tura garin katako da yatsan ƙafa.

"Jan za ka yanka, Baba. Tana da ƙanwa."

"Madalla. Ita aji nawa?"

"Aji ɗaya. A firamare."

Ya ɗago ya dube ni, ya sauke ido. Ya shiga can ciki, na ji yana ture katakai, ya jawo wani mai kauri daga ƙasa, ya kwantar da shi a kan benci ya shafa shi da tafin hannu.

"Wane suna za a ƙona?"

Injiniya ta buɗe baki za ta faɗi nata, na riga ta. Na ce sunan babansu kaɗai za a sa, don ya yi musu su biyun. Na faɗe shi cikakke. Rabona da furta shi a gaban mutane tun ranar da aka fara faɗarsa a rediyo. Wasu masu jiran gyaran kujera suka juyo. Na sake faɗa, don kar tsohon ya yi kuskuren harafi. Ya zaro fensir daga bayan kunne ya rubuta a jikin katakon, ya juyo min da shi in duba. Daidai ne.

Injiniya ta kama hannuna. Rabon da ta yi haka a titi tun tana firamare.

Tsohon ya ce zai gama ran Lahadi da yamma, shi da kansa zai sa a kai wa shugabar kafin ƙararrawar Litinin. Har mun juya ya kira ni.

"Hajiya, in an samu akasi, ina zan neme ku? An ce min ku baƙi ne."

Na ce masa gidan mai kaji, bayan firamare. Ya aiko kowane lokaci, muna nan.